Abin da idona ya gani a harkar bashin gida a Maraɗi

Ƙarfina na aiki ya ƙare ne a bayan tebur, inda ma'aikata da ƴan kasuwa ke kawo takardunsu suna neman banki ya ba su bashin sayen gida ko na gini. Da na bar wannan kujera ma mutane ba su daina zuwa da takardun ba, sai dai yanzu a zaure ake baje su. Abin da zan rubuta nan shaida ce, kuma abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne na gaji da ganin magidanci ya sa hannu a takardar da za ta riƙa cin sulusin albashinsa har shekara 15, alhali bai san jimillar abin da zai biya ba.

Kusan duk wanda ya zo, da maganar farashi yake farawa. "Baba, ga gida na samu a unguwar Zariya, an ce miliyan kaza, ka ga ya yi?" Wani a Ali Ɗan Tsoho ya samu, wani a Burja. Tambayar ba ta da laifi, amma tambayar mai kuɗi a hannu ce. Alhajin da zai ƙirga ya biya nan take, farashi kaɗai ya dame shi. Wanda zai bi ta banki kuwa, adadi uku ne a gabansa: abin da za a cire masa kowane wata, tsawon shekarun da za a yi ana cirewa, da jimillar abin da zai fita daga aljihunsa ranar da ya gama. Farashin gidan ɗaya ne kawai cikin abubuwan da ke haifar da waɗannan ukun.

Mu ɗauki bashin sefa miliyan 10 na shekara 15. In kuɗin ruwa kashi 8 cikin ɗari ne a shekara, kowane wata za ka biya sefa 95,565, jimilla miliyan 17.2. In kashi 10 ne, wata ya koma 107,461, jimilla miliyan 19.3. In kashi 12 ne, wata 120,017, jimilla miliyan 21.6, wato ka biya kuɗin gida biyu da ɗoriya ka karɓi ɗaya. Ban sa inshora da kuɗin takardu a ciki ba tukuna. Dubi tazarar da ke tsakanin kashi 8 da kashi 10: kusan jika 12 ce a wata, wato sefa 12,000. Kafin ka sami irin wannan sauƙi ta hanyar ciniki, sai mai gida ya rage maka fiye da miliyan 1. Na ga mutane sun yi sati suna ja-in-ja da dillali a kan jika 200, sannan suka shiga banki suka karɓi kuɗin ruwan da aka fara faɗa musu ba tare da sun ce a rage ko sun leƙa bankin da ke kusa ba. A banki ma ana ciniki, musamman ga wanda albashinsa ke da tabbas, ko wanda ma'aikatarsu ta ƙulla yarjejeniya da bankin domin ma'aikatanta.

Tsawon lokaci ya fi kuɗin ruwa ruɗar mutane, domin yana zuwa da fuskar rangwame. Wannan miliyan 10 ɗin, a kashi 10 cikin ɗari, in ka biya cikin shekara 10, wata 132,151 ne, kuɗin ruwa duka miliyan 5.9. In ka ja shi zuwa shekara 20, wata ya sauko 96,502, amma kuɗin ruwa ya haura miliyan 13. Daga shekara 15 zuwa 20, abin da ka rage wa kanka a wata bai kai jika 11 ba, abin da ka ƙara wa kanka a ƙarshe kuwa ya kusa miliyan 4.

Dalilin haka yana cikin yadda ake raba biyan wata. Banki yana fara cire ruwansa daga abin da ya rage a kanka, ragowar ne ke taɓa uwar kuɗi. A watan farko na bashin shekara 15 a kashi 10, cikin 107,461 da ka biya, 83,333 ruwa ne, 24,128 kaɗai ya rage bashi. Bayan shekara 5 cif, ka zuba kusan miliyan 6 da rabi, amma har yanzu ana bin ka miliyan 8.1. Wannan shi ne abin da ke girgiza wanda aka canza wa wurin aiki zuwa Damagaram ko Yamai, ya ce zai sayar da gida ya biya banki ya riƙe canji. Sai ya tarar canjin bai taka kara ya karya ba. Saboda haka kafin sa hannu ka nemi jadawalin biya, takardar da ke nuna kowane wata da rabonsa na ruwa da na uwa. Haƙƙinka ne. Ka kuma tambayi ko akwai tara in ka so biyan bashin kafin wa'adi, a nuna maka layin da aka rubuta shi.

Banki ba ya duba gidan da kake so kafin ya duba albashinka. Abin da aka saba shi ne biyan wata kada ya wuce wajen sulusin abin da ke shiga hannunka, kuma dole albashin ya riƙa sauka a asusunsu, da takardar alkawari daga ma'aikatarka cewa ba za a juya shi wani banki ba sai an gama. Mai ɗaukar jika 300 a wata, abin da zai iya biya jika 100 ne. Da wannan jika 100, a shekara 15, kashi 8 zai ba shi kusan miliyan 10.5, kashi 10 miliyan 9.3, kashi 12 miliyan 8.3. Albashi bai motsa ba, gida bai motsa ba, amma miliyan 2 sun ɓace tsakanin wannan banki da wancan. In kuma saura shekara 7 ya yi ritaya, ba za a ba shi wa'adin da ya wuce ranar barin aikinsa ba, sai jika 100 ɗin, a kashi 10, ta tsaya a miliyan 6. In akwai tsohon bashin babur ko na kayan ɗaki a kansa, shi ma za a cire daga sulusin. Sannan ba kasafai ake ba ka kuɗin gida duka ba, sai ka kawo naka kason, da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Ɗan kasuwa kuwa, ko da ya fi ma'aikaci samu nesa ba kusa ba, in cinikinsa ba ya bi ta asusu, babu littafin shiga da fita, banki ba ya ganinsa. Mafi yawan mutanen garin nan a wannan sahu suke, shi ya sa bashin gida na dogon wa'adi ya zama abin ƴan kaɗan, duk da an buɗe bankin gidaje na ƙasa, BHN, a ƙarshen 2018.

Mutane kan ji a rediyo babban bankin yankinmu, BCEAO, ya ɗaga ko ya sauke kuɗin ruwa, su zo suna tambaya ko su jira. Daga tsakiyar 2022 zuwa Disamban 2023 ya ɗaga nasa daga kashi 2 zuwa 3.5. Wannan farashi ne tsakaninsa da bankuna. Naka ya ninka shi, domin an ɗora kuɗin gudanarwa, ribar banki, da tsoron kada ka kasa biya. Yawancin bashin da ya bi ta hannuna a kan ruwa tsayayye aka rubuta shi, wanda ya riga ya sa hannu canjin babban bankin ba ya taɓa shi. Inda abin ke taɓa mu shi ne lokacin da kuɗi suka yi wa bankuna ƙaranci, kamar bayan takunkumin da aka ƙaƙaba wa Nijar a ƙarshen Yulin 2023. A irin wannan lokaci takardu kan kwanta, ba a ce an ƙi ba, ba a kuma bayar ba. Kada ka ba mai gida kafin alkawari mai yawa kana dogaro da "an kusa sa hannu". Sai takardar amincewa ta zo hannunka.

A farkon 2014 an sa wa kuɗin ruwa iyakar kashi 15 cikin ɗari ga bankuna, kashi 24 ga ƙananan asusun ba da rance, kuma iyakar ta shafi jimillar tsadar bashi ne, ruwa haɗe da sauran caje-caje. Wannan adadi na jimilla, wanda takardunsu ke kira TEG, shi za ka gwada tsakanin banki da banki. Akwai kuɗin buɗe fayil, akwai inshorar mutuwa da naƙasa, akwai ta gobara, akwai kuɗin ƙwararren da zai kimanta gidan, kuɗin notar, wato mai tabbatar da takardun ciniki a hukumance, da kuɗin rajistar jingina. Wasu ana cire su tun daga uwar kuɗin, ka ci bashin miliyan 10 ka ga ƙasa da haka a asusu, mai gida kuma yana jiran cikon kuɗinsa.

Akwai wata dabara da ta fi yawa a ƙananan rance. A ce maka miliyan 1, kashi 10, shekara 2, ka biya jika 50 a wata. An lissafa ruwan ne a kan miliyan ɗin gaba ɗaya har ƙarshe, kamar ba ka taɓa biyan ko dala ba. In da a kan ragowar bashi aka lissafa, da 46,145 za ka biya a wata. Wancan kashi 10 ɗin, a gaskiyar lissafi kashi 18 ne. Wanda kuma aka ce masa kashi 2 kacal a wata, ya sani 24 ne a shekara: miliyan 5 a shekara 3 za su zama miliyan 7 da ɗoriya. Irin wannan kuɗi na jarin da ke juyawa ne. Ba a zuba shi a bango.

Ba zan tsallake maganar riba ba, domin a Maraɗi ita ce ke tsayar da mutane da yawa tun kafin a zo ga lissafi, kuma ina girmama wanda ya tsaya a nan. Hukunci na malamai ne. Abin da na sani a aikace shi ne akwai hanyar murabaha, inda banki ke sayen gidan ko kayan ginin da kansa, ya sayar maka da riba sananniya, ka biya kashi-kashi, farashin ba ya ƙaruwa bayan an ƙulla. Amma ribar ma da tsawon wa'adi ake auna ta. Ka tambayi jimilla, ka raba da watanni, ka gwada da albashinka. Ka kuma tabbata bankin ya mallaki abin da gaske kafin ya sayar maka, domin a nan ne ingancin cinikin yake.

Sai takarda, wadda ta fi kowane abu karya mutane. Takardun ƙasa hawa-hawa ne. Akwai shaidar gargajiya da mai gari ko mai unguwa ke sa wa hannu, wadda ta fi yawa a gonakin bakin gari da ba a yanka ba. Akwai takardar da ma'aikatar magajin gari ke bayarwa bayan an yanka filaye, wadda kowa ke kira acte de cession. A sama da su duka akwai titre foncier, titir, wato cikakkiyar takardar mallaka, kuma a kansa ne ake rubuta jinginar banki yadda doka ta tanada. Gida mai titir ya fi tsada, kuma ya cancanci tsadar. Gida mai arha wanda takardarsa ta gargajiya ce kawai, banki ba zai karɓe shi jingina ta dogon wa'adi ba, sai ka koma bashin albashi na shekara 5 ko makamancin haka, inda jika 100 ɗin nan a kashi 10 ba za ta ba ka fiye da miliyan 4.7 ba. Ka ga yadda takarda ta yanke maka kuɗi gida biyu.

Kafin ka ba da ko sisi, ka ɗauki lambar rukuni da lambar filin ka je sashen filaye na magajin gari a buɗe rajista a ga sunan wa ke ciki. Ka ɗauki mai awo ya je ya nemo turakun siminti huɗu na kusurwa, domin akwai katangar da ta ci hanya, akwai wadda ta shiga filin da aka keɓe wa makaranta ko asibiti, kuma ranar rusau ba wanda zai tambayi nawa ka saya. In gidan gado ne, kada ka yarda da "ni ne babba, na isa". A kawo takardar rabon gado ko ta taron dangi daga kotu, da sa hannun magada har mata. Fili ɗaya a sayar wa mutum biyu ko uku ba sabon abu ba ne, kuma galibi wanda aka yi wa gaggawa da cewa akwai wani mai saye yana jira shi ake cuta. Biya ya kasance gaban notar, ba a shago ba.

Shi kansa farashi a garin nan yana da nasa iskoki. Maraɗi da Najeriya take numfashi, ta Ɗan Isa zuwa Jibiya da Katsina. Lokacin da aka rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, da kuma bayan Yulin 2023, ciniki ya ja baya, wasu ƴan kasuwa suka fito da filayensu kasuwa don neman jari, kayan gini kuma suka yi wuya. A irin wannan yanayi fili kan yi sauƙi, gini ya yi tsada a lokaci guda, don haka ba a ce "gidaje sun sauko" a dunƙule. Faɗuwar naira tun daga tsakiyar 2023 ta sauƙaƙa wa mai sefa wasu kayan da ke shigowa daga can. A Oktoban 2024 kuma hukuma ta rage farashin siminti nau'in 32.5. Wanda ke da fili a hannu, irin wannan ragi ya fi masa amfani a kan duk wani motsi na kuɗin ruwa.

Wuri ma yana da farashin da ba a rubuta a takarda. Ambaliyar 1945 ce ta kori tsohon gari daga bakin Gulbi ya hau tudu, kuma ruwan ƙarshen Agustan 2024 ya sake nuna mana inda ruwa ke bi in ya tashi. Gida a kwari ko a bakin hanyar ruwa arharsa tana da dalili. Ka je ka gan shi da damina, ka dubi alamar danshi a gindin bango, ka tambayi maƙwabta inda ruwa ya tsaya bara. Filin bayan gari mai rahusa kuma, ka lissafa nisan turken wutar Nigelec na ƙarshe da bututun ruwa, da kuɗin kabu-kabu na yara zuwa makaranta kowace safiya.

Masu cewa haya asara ce, gara biyan banki, su ma su zauna su yi lissafi. Misali gidan da za a sayar miliyan 15, ana hayarsa jika 60 a wata. Hayar shekara 720,000 ce, ƙasa da kashi 5 cikin ɗari na darajarsa. In ka ci bashin miliyan 15 a kashi 10, ruwan watan farko kaɗai jika 125 ne, ya ninka hayar, kuma shi ma ruwan ba ya dawowa. Na san gidan kai yana da abin da lissafi ba ya kamawa: ba mai ƙwanƙwasa maka ƙofa ƙarshen wata, ba mai ce maka ɗansa zai yi aure ka tashi, iyali suna da inda za su zauna in ta Allah ta kasance. Wannan gaskiya ne, ina kuma jin nauyinsa. Amma a san nawa ake sayen wannan kwanciyar hankali.

Shi ya sa hanyar da na fi ba mutane shawara ita ce wadda iyayenmu suka bi, a ƙara mata tsari. A fara da fili mai takarda mai kyau, da kuɗin adashi, na kiwo, ko ɗan bashi gajere. Sai katanga da ƙofa, don fili buɗaɗɗe yana jawo rigima. Filin mita 20 a kan 20 kewayensa mita 80 ne. In katangar za ta kai mita 2, murabba'in mita 160 ke nan, kowane murabba'i yana cin bulo 12 da rabi, wato bulo 2,000 ban da na tushe. In an buga bulo 30 a buhu, buhu 67 za a ci, tan 3 da ɗoriya tunda tan ɗaya buhu 20 ne, kuma ba a sa simintin ɗora bulo da na ginshiƙai ba. Mai bugun da ya ce zai fitar maka da 45 ko 50 a buhu ba taimakonka ya yi ba, bulon zai riƙa marmashewa a hannu, damina biyu ta tsage. A shayar da bulo ruwa safe da yamma har mako guda kafin a ɗora. Kankaren ginshiƙi da na linta buhu 7 yake ci a kowane mita kubik, kada a rage. Daga nan ɗaki biyu da bayan gida, a rufa, a tare. Ranar da ka tare, kuɗin haya ya koma kuɗin siminti.

Inda bashi ke da amfani na gaske shi ne a matakin rufi da ƙofofi. Ginin da ya kai linta aka bar shi shekara uku yana cin rana da ruwa, kuɗi ne kwance, kana kuma biyan haya a gefe. Bashin miliyan 2 ko 3 na ɗan gajeren wa'adi da zai sa ka tare cikin wata biyu, hayar da ka daina biya za ta ɗauki wani ɓangare na biyansa. Abin da ke lalata wannan hanya shi ne zanen da ya fi ƙarfin aljihu: a zuba tushen ɗaki shida da falo biyu, kuɗi su ƙare a tsayin taga, ba ɗaki ko ɗaya da za a kwana.

Bashin dogon wa'adi na gamammen gida ya dace da mutum mai siffa ɗaya: albashi tabbatacce, sauran shekarun aiki masu yawa, niyyar zama a garin, gida mai titir, da ajiyar biyan wata uku zuwa shida a gefe saboda ranar da albashi zai yi jinkiri ko ciwo ya shigo gida. In biya ya tsaya, tara ce ke fara hawa, sai takardar gargaɗi, daga ƙarshe doka ta ba banki damar neman kotu ta sa a yi gwanjon gidan, kuma gwanjo ba ya kawo farashin kasuwa. Wanda ya ga alamar zai gaza, ya je ya same su tun kafin watan ya faɗi a sake tsara wa'adin. Ɓuya ce ke ɓata lamarin. Takardar inshorar mutuwa kuma a nuna wa uwargida da babban ɗa inda take, domin akwai iyalan da suka ci gaba da biyan bashin da inshora ya kamata ta ɗauke, don ba su san da ita ba.

Ranar da ka biya kashi na ƙarshe ma da sauran aiki. Jinginar da aka rubuta a kan titir ba ta gogewa da kanta. Sai ka karɓi takardar shaidar kammala biya daga banki, da takardar sakin jingina, a kai ofishin rajistar filaye a soke ta, sannan ka karɓo asalin titir ɗinka. Akwai ɗan kuɗin da ake biya a wannan mataki, ka tanade shi. Wanda ya bar abin haka, ranar da shi ko magadansa suka tashi sayarwa ko neman wani rance, za su tarar a littafin hukuma gidan yana nan a jingine.